Gundumar Mahnomen: wa zai biya kuɗin gyaran zaluncin 1906?

A arewa maso yammacin jihar Minnesota ta Amurka akwai wata gunduma mai suna Mahnomen, wadda ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutanenta 5,411 ne, kuma ita kaɗai ce a jihar da take kwance ɗungurungum a cikin ƙasar da aka keɓe wa 'yan asalin nahiyar. Ƙasar ita ce White Earth, wadda yarjejeniyar 1867 ta ware wa al'ummar Ojibwe. Sunan gundumar ma daga bakinsu aka aro shi, domin manoomin suke kiran shinkafar da ke tsirowa da kanta a tafkunan yankin. Amma duk da sunan da taswirar, mafi yawan gonakin da ke ciki ba na Ojibwe ba ne, kuma duk lokacin da suka yunƙura don dawo da wani yanki hannunsu, sai maganar haraji ta tare musu hanya. Ra'ayina shi ne kukan da gundumar ke yi kan haraji gaskiya ne, sai dai an ɗora nauyinsa a kan wanda bai kamata ya ɗauka ba.

Yarjejeniyar 1867 ta bai wa Ojibwe fiye da eka 800,000 a matsayin mallakar jama'a gaba ɗaya, kamar dai gandun gida da ba wanda ke da ikon yanka ya sayar shi kaɗai. Dokar Dawes ta 1887 da dokar Nelson ta 1889 ne suka farfasa wannan gandu, aka raba wa mutane ɗaiɗai ƙananan filaye, da sharaɗin cewa gwamnatin tarayya za ta riƙe takardun a matsayin amana, ba sayarwa, ba haraji. A 1906 sai Sanata Moses Clapp ya cusa wani sashe a cikin dokar kasafi, wanda ya ba duk baligin da ake ganin jininsa ya gauraya da na Turawa damar sayar da filinsa. A cikin wannan shekara ta 1906 aka yanke gundumar Mahnomen daga gundumar Norman. Ban ɗauki haɗuwar ranakun a matsayin katari ba, domin gunduma ba ta tsayuwa sai da filayen da za ta karɓi haraji a kansu, kuma sashen Clapp ne ya buɗe ƙofar samar da su.

Abin da ya biyo baya ya fi kama da wasoso. 'Yan katako na neman dazuzzukan gabas, dillalai na neman ƙasar noma ta yamma, aka riƙa sa mutanen da ba su iya karatu ba suna dangwala hannu a kan takardun jingina, ana rubuta wanda ba ruwa biyu ba a matsayin ruwa biyu don cinikin ya halatta. Da gwamnatin tarayya ta shigar da ƙararraki don ƙwato wasu filayen, sai aka kawo masana biyu, Albert Jenks da Aleš Hrdlička, suna auna kawunan mutane, suna duba gashinsu, har suna kartar fatar ƙirji su ga yadda za ta yi ja, wai da haka za a gane mai gaurayen jini. Irin wannan awo ya shiga cikin hujjojin da aka tabbatar da cinikayya da su. Wasu filayen kuma gundumomi ne suka ɗora musu harajin da doka ba ta yarda da shi ba, da aka kasa biya suka ƙwace. Kotun Ƙolin Minnesota ta tabbatar da haramcin irin wannan ƙwace a shari'ar Zay Zah ta 1977, wadda ta taso daga maƙwabciyar gunduma ta Clearwater.

Wannan hukunci ya jefa dubban takardun mallaka cikin shakka, manoma suka kasa samun bashin banki a kan gonakinsu, sai Majalisar Dokokin Amurka ta fito da dokar sasantawa ta White Earth a 1986. Dokar ta wanke takardun waɗanda ke riƙe da filayen, ta biya magada diyya bisa ƙimar filin a lokacin da aka karɓe shi tare da kuɗin ruwa, ta mayar wa al'ummar eka 10,000, ta kuma ba ta dala miliyan 6.6 don raya tattalin arziki. Wanda ya kwatanta eka 10,000 da fiye da 800,000 ya san wa aka share wa hawaye. Har yau abin da ke hannun al'ummar bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasar ba. A can arewa kaɗan, 'yan uwansu na Red Lake da suka ƙi yarda a yanka musu ƙasa tun farko suna nan riƙe da tasu a dunƙule.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar. Filin da aka mayar cikin amanar tarayya da sunan al'umma yana fita daga rajistar harajin gunduma, alhali da wannan haraji ake share ƙanƙara daga hanyoyi a lokacin hunturu, ake biyan jami'an tsaro, ake tallafa wa makarantu. Mahnomen na cikin gundumomi mafi talauci a jihar, kuma dokar tarayya ta 1953 ta ɗora wa Minnesota hukunta manyan laifuka a yawancin keɓaɓɓun ƙasashe, White Earth na ciki, wanda ke nufin ɗawainiyar na sauka a kan gunduma. Manomin da kakansa ya sayi gona da zuciya ɗaya, yake ganin harajinsa na ƙaruwa duk lokacin da wani fili ya fita daga rajista, ba azzalumi ba ne don ya koka. Ina ganin duk mai son adalci ga Ojibwe ya wajaba ya saurari wannan manomi da kunnen basira.

Sai dai sauraro daban, yarda da maganinsa daban. Idan aka ce a hana al'umma dawo da ƙasarta don kada asusun gunduma ya girgiza, an mayar da ɓarnar 1906 ta zama jarin da ba a taɓawa ke nan. Ba manomin Mahnomen ne ya rubuta dokar Nelson ba, ba Ojibwe ne suka rubuta sashen Clapp ba. Majalisar tarayya ce ta rubuta, jiha kuma ta ci moriya. Saboda haka su ne ya dace su cike giɓin harajin da kuɗi tsayayye da aka rubuta a doka, wanda ba sai an je roƙo kowace shekara ba. Gwamnatin tarayya ta riga ta saba biyan gundumomi wani abu a madadin haraji a kan dazuzzukanta, don haka hanyar ba baƙuwa ba ce. An ma ga cewa mayarwa mai yiwuwa ce, tunda a 2020 majalisar ta amince a mayar wa Ojibwe na Leech Lake fiye da eka 11,000 daga dajin gwamnati.

Akwai kuma abin da rajistar haraji ba ta nunawa. Gidan cacar Shooting Star da al'ummar ta buɗe a garin Mahnomen a farkon shekarun 1990 na cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a yankin, Ojibwe da waɗanda ba Ojibwe ba. Ba na jin daɗin ganin jama'ar da aka raba da gonakinta ta dogara da caca, kuma wannan ma ƙarin dalili ne na mayar mata da ƙasar da za ta ci da ita. Tana da kwalejinta a garin tun 1997, tana da 'yan sandanta da kotunta, duk suna rage wa gunduma nauyi.

Wanda ke son sanin me ƙasar ke nufi gare su, ya je tafki a ƙarshen Agusta. Mutum biyu ne a kwalekwale, ɗaya a tsaye yana tura shi da doguwar gora cikin karan shinkafar, ɗayan a zaune da sanduna biyu marasa nauyi, yana lanƙwaso zangarniya da ɗaya yana kaɗa ta da ɗaya, ƙwayar na zuba a cikin jirgin, wadda ta faɗa ruwa kuma ta zama irin baɗi. A tudu sai a gasa ta a babban kasko, a tattake ta da ƙafa, a sheƙe a faifan ɓawon itace. A 2018 al'ummar White Earth ta kafa dokar da ta bai wa manoomin haƙƙin rayuwa da yaɗuwa, a 2021 kuma ta shigar da ƙara da sunan shinkafar kan izinin ɗibar ruwa da jihar ta bai wa kamfanin Enbridge don aikin bututun mai. Kotun ɗaukaka ƙara ta al'ummar da kanta ce ta kori ƙarar a 2022, bisa dalilin cewa aikin ya faru a wajen iyakar da ikonta ya kai.