Hotunan jiragen ƙasanmu a akwatin wani a Ingila

A bikin tsofaffin jiragen ƙasa masu tururi da ake yi a layin North Yorkshire Moors, wani dattijo ya baje hotuna a tashar Pickering. A bayan kowanne an rubuta da fensir lambar kan jirgin da tasha da shekara. Cikin akwatin da ya ware wa Afirka akwai kan jirgin Najeriya, irin waɗanda masana'antar Vulcan Foundry ta ƙera a 1948 aka raɗa musu sunayen koguna. Bature ne ya ɗauka, Bature ya adana, Bature zai saya. Abin ya sosa mini rai.

Hukumar jiragen Birtaniya ta daina aiki da tururi a 1968, amma 'yan sa-kai suka karɓi ragama. Layin nan mil 18 ne daga Pickering zuwa Grosmont, kuma gudun jirgi ba ya wuce mil 25 a awa. Kan jirgin tururi ba a tayar da shi da makulli. Idan tukunyar ta huce, tun jajibiri ake hura mata 'yar wuta ta ɗumama a hankali, don in aka gaggauta, wani sashen ƙarfen zai riga wani buɗewa, bututu su fara yoyo. Mai zuba kwal idonsa na kan gilashin awon ruwa. Ruwa ya yi ƙasa da rufin murhu, sai wani toshe mai dalma ya narke, tururi ya feso cikin wuta, tafiya ta ƙare. Duk shekara goma kuma dole a kwance tukunyar a duba ta ciki da waje. Gyaran shahararren kan jirgin tururin nan Flying Scotsman da aka gama a 2016 ya ci sama da fam miliyan 4.

Masu hoto ma da nasu ilimin. Sukan tsaya a hawan Grosmont zuwa Goathland, inda jirgi ke nishi yana zubo hayaƙi, da sanyin safiya, domin a zafi tururi ba ya fitowa fari a hoto.

To, a yi adalci: masu wannan hidima galibi 'yan fansho ne da fanshonsu ke zuwa kan kari. Dogonmu kuwa an shimfiɗa shi ne don kwasar gyaɗa da auduga da kuza zuwa bakin teku. Amma uzurin bai ishe ni ba. Dogo ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930. Siririn layin Zariya zuwa Jos ya yi aiki har 1957. Garuruwa nawa ne tasha ta raya? In ban da Jaekel House, ɗan gidan tarihin jirgin ƙasa a Ebute Metta, Legas, ina mutum zai je ya ga hotunan nan a jere?

Adana hoto ai ba ya cin miliyoyi. A cire shi daga albam mai gam, a nesanta shi da danshi da gara, a kwafe shi a kwamfuta, a yi rubutu a bayansa da fensir, don biro yana huda takarda ya ɓata fuskar. Rubutun ne mai wuya, domin sai an sami wanda ya san jirgin. Waɗanda suka sani su ne tsofaffin direbobi da masu zuba kwal ɗin Inugu da ke zaune a unguwannin reluwe na Zariya da Kafanchan da Minna, kuma yawancinsu sun haura tamanin.