Darussan gama-gari a jami'ar Kirista: ra'ayina daga Zuru

Wani labari da na gani ya ce wata jami'ar Kirista tana wajabta wa kowane ɗalibi, ko likitanci yake karantawa ko injiniyanci, ya ɗauki darussan gama-gari, har da na Littafi Mai Tsarki. Na ga wasu suna ta tayar da jijiyar wuya kamar sabon abu ne. 'Yan'uwa, GST, wato darussan gama-gari, ai dokar hukumar NUC mai kula da jami'o'i ce, ta hau kan kowace jami'a a Najeriya: Turanci, al'ummomin Najeriya da al'adunsu, zaman lafiya da sasanta rikici, koyon sana'a. Yaranmu da ke jami'o'in Aliero da Birnin Kebbi duk suna yin su. Tsarin CCMAS na 2022, wato manhajar karatun jami'o'i ta NUC, ma ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. To jami'ar da coci ta gina, me zai hana ta saka addininta?

Ni damuwata daban ce. A nan Zuru, gida ɗaya za ka tarar da Musulmi da Kirista suna cin tuwo a kwano ɗaya. Idan yaron Musulmi zai shiga irin wannan jami'a, a faɗa wa iyayensa ƙarara tun kafin su biya kuɗin makaranta: ga darussan addini, ga zuwa sujada a coci in dole ne.

Sannan darasin zaman lafiya, don Allah a daina cusa ɗalibai a zaure ɗaya har wasu na leƙe ta taga, kowa na hadda don jarrabawa kawai. Mu da muka ga abin da 'yan bindiga suka yi a Danko-Wasagu, so muke a ba darasin nan ƙwararren malami da ƙananan azuzuwa.