Sharaɗin `if` ba ya ɓoye wa tsohon Python sabon nahawu

Akwai maganar da na gaji da ji daga masu koyon Python: wai in ka rubuta `if sys.version_info >= (3, 10):`, wato sharaɗin da ke duba ko sigar Python ta kai 3.10, duk abin da ke ƙarƙashinsa tsohon Python zai tsallake shi. Ba laifinsu ba ne, domin a harshen shirye-shirye na C, umarnin `#if` yana cire layukan tun kafin a harhaɗa shirin.

Python kuwa sai ya karanta fayil ɗin gaba ɗaya, ya tantance nahawunsa, sannan ya taɓa layin farko. Ɗauki `match`, sabon nahawu da ya shigo da Python 3.10 a 2021. Sa shi ƙarƙashin wancan sharaɗi ka kunna a 3.9, `SyntaxError`, wato kuskuren nahawu, za ka gani tun ba a kai ga duba sharaɗin ba.

Sharaɗin yana aiki in bambancin na suna ne, kamar `tomllib`, kayan karanta fayilolin saiti na TOML da ya zo a 3.11, wanda a tsofaffin sigogin Python ake amfani da `tomli` a madadinsa. In na nahawu ne, ware sabon rubutun a wani fayil, ka jawo shi da `import` daga cikin sharaɗin.