Shi ya ture ni, ni aka ce in ba shi haƙuri

Ranar Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe, a titin Gidan Zoo, na san ɗanɗanon ruwan lambatun Kano. Ba karin magana nake yi ba, da bakina na sha shi.

Ina kan kekena zan tafi makarantar da nake koyarwa, na raɓe can gefe inda kwalta ta ƙare yashi ya fara, wato ɗan wurin da masu mota suka yi mana alfarmarsa. Gabana ɗan sahu ya tsaya cak yana cinikin fasinja, ba sigina ba komai. Na ɗan karkato in wuce shi, sai kawai na ji abu ya doki gwiwar hannuna ta hagu. Wata baƙar jif ce mai baƙin gilas. Kan keken ya ƙwace, tayar gaba ta faɗa bakin lambatu, ni kuma na bi ta. Hula can, takalmi ɗaya can, takardun jarrabawar yara arba'in da shida da na kwana ina dubawa suka bazu a cikin baƙin ruwa.

Motar ta tsaya. A raina na ce alhamdulillahi, har yanzu da sauran masu imani. Mutumin ya fito, shadda tana ɗaukar ido, ba zai wuce shekara talatin da biyar ba. Ya zagayo ta gefen da nake. Na miƙa hannu, a zatona kama ni zai yi in fito. Sai ya wuce ni. Wallahi wuce ni ya yi! Ya je ya tsuguna gaban madubin motarsa, ya lanƙwasa shi, ya miƙar, ya hura masa iska, ya goge da bakin hannun riga kamar mai lallashin jariri. Sai da ya tabbatar madubi yana cikin ƙoshin lafiya sannan ya waiwayo.

"Malam, ka san nawa ne madubin nan?"

Na ce, "Alhaji, ban sani ba. Amma ka san nawa ne hannun nan?"

Ya ce, "Kekenka goma ba za su saye shi ba. Ku mutanen nan ba ku da hankali ne? Titin mota ne wannan, me ya kawo keke?"

Na ce masa to ya nuna mini titin keken, yanzu in koma can, ba zai sake ganina ba. Ya buɗe baki ya rufe. Sai ya ɗauko wadda suka saba: wai su ne ke biyan kuɗin lamba da na takardun mota, mu kuwa ko sisi ba ma biya, don haka arziki muke ci. Ni da ake yanke mini haraji daga albashi tun kafin ya shigo hannuna, shekara ashirin da uku ke nan, yau ni ne mai cin arzikin titi.

Kafin ka ce kwabo an taru. Kun dai san taron Kano, kowa alƙali ne. Wani yaro mai sayar da ruwan leda, Allah ya yi masa albarka, shi kaɗai ya shiga ya ciro mini keken. Sauran kuwa? "Baba, yi haƙuri." "Baba, tsautsayi ne." Ɗan sahun da ya jawo abin tuni ya cika wandonsa da iska. Can sai ga wani mai kaki daga cikin masu ba da hannu ya taho yana kaɗa sanda. Na ce to, ga hukuma ta iso. Ya dubi motar, ya dubi shaddar, ya dube ni ina ɗigar da ruwan kwata, nan take ya gama bincikensa.

"Ranka ya daɗe, ba dai abin da ya sami motar ko?"

Sannan ya juyo kaina: "Baba, kai ma da girmanka. Ba shi haƙuri kawai a wuce wurin, kuna tare hanya."

In ba shi haƙuri! Na ce, "Ɗana, shi zan ba haƙuri ko madubin? Faɗa mini wanda na fi ɓata wa rai, in fara da shi." Aka yi dariya, shi bai yi ba. Alhaji ya zaro naira dubu ɗaya, bai miƙo mini ba, ya sake ta ta faɗi a kan sirdin keken, ya ce in sayi sabulu. Ya shige mota ya ja gilas. Ina jin wani a bayana yana cewa, "Kai, mutumin kirki ne, wani ko tsayawa ba zai yi ba." Abin takaicin, gaskiya ya faɗa.

Ba yau aka fara ba, wannan ce dai ta kai ni bango. An sha buɗe mini ƙofar mota a fuska. An sha danna mini hon a ƙeya har sai na faɗa yashi. Mai tifa ya taɓa bi na a baya yana wasa da ni, yaransa suna shewa. Akwai ma'aikatar da maigadi ya hana ni shiga da keke, ya ce in jingine shi a waje don yana ɓata tsarin wurin, alhali ga wata akwalar mota a ciki tana zubar da baƙin mai. A garin nan keke ya zama takardar shaidar talauci, talaka kuwa ba a tambayar me aka yi masa, sai dai me ya yi.

Kuma fa ba marmari ne ya ɗora ni a kan keke ba. Ina da babur, yana nan a soro an lulluɓe shi da buhu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta tsallake 1,000. Na yi lissafi na ga ko dai babur ya sha ko yara su ci. Ku leƙa wurin masu gyaran keke ku ga yadda aka fito da tsofaffin Raleigh da Phoenix daga ɗakunan shirgi. Malamai, masinjoji, leburori, 'yan makaranta, masu kai madara da burodi. Gwamnati da kanta ta koro mu kan keke, amma ba ta tanadar mana ko taku ɗaya na titi ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, Kano garin keke ce tun asali. Gari shimfiɗaɗɗe, in ka cire Dala da Gwauron Dutse ina hawa ina gangara? Har kamfanin haɗa kekunan Raleigh aka yi a Bompai. Mahaifina da keke ya yi aikin En'e, ya goge shi ranar Juma'a ya hau da babbar riga, ana gaishe shi da girma. Sai kuɗin Udoji suka zo, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati a shekarun 1970, aka koma babur da mota, wanda ya rage a kan keke ya zama abin tausayi. Da aka hana acaɓa a farkon 2013 sai 'yan sahu suka cika gari, suka mamaye gefen titin da muke lallaɓawa. Ragowar kuma 'yan tebur da masu faka motoci suka raba.

To sai gadoji. Kowane gwamna da tasa: Ƙofar Nassarawa, Kabuga, Dangi, Sabon Gari, Hotoro. Biliyoyin naira, sama da ƙasa, a yi fenti a sa fitilu a ɗauki hoto. Madalla. Amma a cikin injiniyoyin da suka zana su, ashe babu wanda ubansa ya taɓa hawa keke? Ka iso bakin gadar ƙasa da keke, gaba kura baya sayaki: ka shiga rami da motoci masu gudu kamar an koro su, ko ka bi ta sama ka tsallaka hannu uku kana karanta duk addu'ar da ka haddace. Layin fenti ɗaya da ɗan dakalin kankare da zai raba mu da tirela, shi ne ya gagara. Ko da yake na gane, kwangilar fenti ba ta da maiƙo.

Kada wani ya ce mini wannan sai Turai. Wagadugu ba Turai ba ce, amma manyan titunanta suna da hannun kekuna da babura daban. Su kansu mutanen Holan da ake misali da su ba da keke aka haife su ba. A 1971 mota ta kashe musu mutum sama da 3,000, ciki har da yara fiye da 400, iyaye suka fito titi suka ce a daina kashe musu 'ya'ya, hukuma ta ji kunya ta sake tsarin hanyoyi. Mu kuwa a nan sai mu ce kwana ne ya ƙare, a yi sadakar uku a watse. Ƙaddara gaskiya ce, amma ban taɓa ganin mai jif ya bar madubinsa ga ƙaddara ba.

Mun ma taɓa yin ministan sufuri, Ojo Maduekwe, da ya dage a koma hawa keke a zamanin Obasanjo. A 2001 mota ta ture shi a Abuja ya faɗa kwata, ƙasa ta kwashe da dariya, magana ta mutu. Minista ke nan, balle ni malamin firamare. Yanzu abin da ya rage sai ranar 3 ga Yuni, ranar keke ta duniya, manya su sa hular kwano da sababbin kekuna, jiniya gaba jiniya baya, an tare musu titi, su yi zagaye ɗaya a ɗauke su a talabijin, direba na biye da su da mota mai sanyi. Ranka ya daɗe, in da gaske ne, zo mu bi titin Zariya tare ranar Litinin da safe, ba ɗan sanda ba jiniya.

Mai gyara ya ce gargaren gaba ya tashi daga aiki, sabo da ɗauri naira dubu tara. Dubu ɗayan Alhaji na ba yaron mai ruwan leda. Yara arba'in da shida kuma na gaya musu za a sake jarrabawa, suka tambaye ni dalili, na ce su je titin Gidan Zoo su tambayi madubi.