Ba a Nikiya Aka Zaɓi Littattafan Littafi Mai Tsarki Ba

An cika yaɗa cewa a taron Nikiya na shekarar 325 ne Sarkin Daular Roma Konstantin ya zaɓi littattafan Littafi Mai Tsarki. Zaton yana da dalili, tunda shi ya kira taron, amma abin da ya tara bishop-bishop gardamar Ariyus ce, wani firist na Iskandariya da ke koyar da cewa Ɗan, wato Yesu, halittacce ne. Kowane ɓangare da nassinsa: mabiyan Ariyus sun riƙe Yohanna 14:28, inda Yesu ya ce Uban ya fi shi girma, masu adawa da su kuma suka kafa hujja da Yohanna 10:30, inda ya ce shi da Uba ɗaya ne. A kan ma'anar nassosin da duka ɓangarorin suka yarda da su aka yi muhawarar. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari kuwa, a wasiƙar da Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya rubuta a shekarar 367 ya fara bayyana cikakke.