Ina zanen gine-ginenmu yake kwana?

Da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe cikin ruwan damina na watan Satumba 2024, kowa ya yi ta yaɗa bidiyon a WhatsApp ana salati. Ni kam tambayar da ta tsaya mani a rai ita ce, wa ke da awon masallacin nan a rubuce, kaurin katanga, tsawo, yadda aka jera azara? In ana son a sake tada shi yadda yake, wace takarda za a buɗe?

Ra'ayina dai shi ne ɗakin karatu na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya kamata ya buɗe sashe guda na adana zanen gine-gine, kuma ba sabon abu ba ne a gare ta, tunda IRSH, cibiyar bincike kan ilimin zaman ɗan Adam, na ƙarƙashinta kuma can ake ajiye dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda marigayi Boubou Hama ya fara tarawa. Wanda ya iya riƙon waɗannan ai zanen gini ba zai gagare shi ba.

Wani zai ce ai ma'aikatu da ofishin magajin gari suna da nasu. To, duk wanda ya taɓa neman tsohon dosiye a biro ya san yadda abin yake, takardu a naɗe an ɗaure da roba an cusa saman almuwar, ƙurar hunturu ta hau, damina ta zo ta jiƙa gefe, gara ta gama da saura, ranar da ma'aikacin da ya san wurinsu ya yi ritaya kuma shi ke nan. Ga gobara, babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwa, Petit Marché, a 2012. Su kuma takardun zamanin Turawa da yawa suna Dakar ko Aix-en-Provence a Faransa, ɗalibi ba ya da kuɗin jirgi.

Aikin ma ba wai na miliyoyi ba ne tun farko. A warware zanen a shimfiɗe shi cikin durowa mai faɗi, a cire ƙarfen da ke tsatsa, kar a kuskura a liƙa masa salatif, a nisanta shi da rana don shuɗin zanen nan hasken rana na cinye shi. Sai a ɗauki hotonsa a kwamfuta, a rubuta sunan ginin da shekara da unguwa da wanda ya zana.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ginin ƙasa, wanda maginanmu ke ɗauke da shi a ka, ba a takarda ba. Falké Barmou ya gina masallacin Yaama a jihar Tawa tun 1962, har aikin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Shi ne kuma ya gina tsohon masallacin Dandaji, wanda masu zanen gine-gine Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka mai da ɗakin karatu. Irin waɗannan sai an je da ma'auni an auna an zana, an zauna da tsofaffin magina an naɗi maganarsu tun suna raye. Jami'ar Tawa na kusa da Yaama, a tura ɗalibai lokacin hutu, kwafi ɗaya ya zauna Tawa ɗaya ya zo Yamai, kafin damina mai zuwa.