Nasiha ga Matasan da ke Marmarin Takawa a Gaɓar Wild Coast

'Yan'uwana matasa, duk wanda karatu ko kasuwanci ya kai shi Afirka ta Kudu zai ji ana yabon gaɓar tekun da ake kira Wild Coast a lardin Eastern Cape, wadda ta miƙe daga bakin kogin Kei har zuwa kogin Mtamvuna. Yankin yana cikin tsohuwar Transkei, ƙasar da aka keɓe wa baƙar fata a zamanin wariyar launin fata, kuma rashin kulawar da ya sha a wancan lokaci ya bar shi da ƙarancin tituna, shi ya sa har yau akwai wuraren da sai da ƙafa ake isa gare su. Tsaunuka ne masu ciyawa da suke yankewa kwatsam su fuskanci Tekun Indiya, ga shanun ƙabilun Xhosa da Mpondo kwance a kan rairayi, ga dutsen Hole in the Wall kusa da Coffee Bay wanda ruwa ya huda tsakiyarsa. Ban ga laifin mai son ganin wannan ba, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da nake jiye muku shi ne shiga wurin da ƙarfin hali alhali ba ku san teku ba.

Mafi yawanmu a bakin rafi, tafki ko madatsar ruwa muka koyi iyo, inda ruwan da ka bari da safe nan za ka tarar da shi da yamma. Teku kuwa tana cika tana janyewa sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da janyewa kimanin awa shida, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kullum. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 ga wata, lissafin da ba baƙo ba ne a gare mu. Ma'anar wannan ita ce, shimfiɗaɗɗen dutsen da mutum ya bi a bushe da hantsi yana iya nutsewa kafin la'asar, shi kuma yana can ƙarƙashin tsaunin da ba ya hawuwa, gabansa ruwa, bayansa ruwa. Saboda haka kada wanda ya zagaya ƙasan tsauni ko ya haye bakin kogi sai ya duba jadawalin cikar teku na wannan rana, ya kuma tambayi masuntan wurin.

Haka nan igiyoyin ruwa ba girmansu ɗaya ba. Mutum zai tsaya yana kallon ƙanana suna fashewa nesa da ƙafarsa har ya saki jiki, ya juya wa teku baya domin a ɗauke shi hoto, sai wata babba ta hau dutsen ta share shi. Duk dutsen da kuka gan shi a jiƙe, shaida ce cewa ruwa yana isa wurin, kuma gansakukar da ke kansa santsi gare ta ƙwarai. A wannan gaɓa akwai wani gudun ruwa a cikin teku da ake kira Agulhas, yana gudu da ƙarfi zuwa kudu maso yamma, idan iska ta taso ta fuskance shi sai igiyoyi su yi tsayin da ke karya manyan jirage. A nan jirgin yawon buɗe ido Oceanos ya nutse a 1991, kodayake Allah ya sa an ceto duka mutum 571 da ke cikinsa.

Labarin da na fi so ku riƙe shi ne na jirgin Ingila mai suna Grosvenor, wanda ya daki duwatsun ƙasar Mpondo a watan Agusta na 1782. Mutum 123 ne suka tsira zuwa tudu, aka yanke shawarar a bi gaɓa da ƙafa zuwa kudu, bisa zaton cewa matsugunan Turawa ba su da nisa. Zaton ya saɓa wa gaskiya. Yunwa, gajiya da koguna suka riƙa cin su kaɗan-kaɗan, waɗansu suka zauna cikin mutanen yankin, 18 kacal suka isa Cape Town. Ku lura cewa tafiyar ƙasa ta kashe fiye da waɗanda teku ta kashe, kuma tushen musibar kuskuren lissafin nisa ne da rashin ɗan jagora.

Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Takawa daga Port St Johns zuwa Coffee Bay tana ɗaukar kwana biyar, akwai 'yan jagora daga ƙauyukan, ana kwana a bukkokin jama'a, a manyan koguna kuma akwai 'yan fito. Ku biya su hakkinsu ba tare da ƙyashi ba. Kada ƙuruciya ta sa wani ya ce zai haye bakin kogi da iyo don ya rage kuɗin fito, domin akwai kifin shak mai shiga bakin koguna, kuma bakin ruwan Second Beach na Port St Johns ya yi ƙaurin suna saboda rayukan da wannan kifi ya ɗauke a can. Ku gaida dattawa, ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mutum ko gidansa, kada ku ratsa gona ko makabarta.

Game da guzuri, ruwan teku yana halatta alwala amma ba ya shayuwa, don haka ku ɗauki ruwan sha isasshe, da takalmi mai riƙe dutse, da rigar ruwa, da tocila. Sabis na waya yana ɗaukewa a cikin kwaruruka, babban asibiti kuma yana can Mthatha, tafiyar awanni a kan hanya marar kyau. Kafin ku tashi, ku sanar da iyaye da mai masaukinku hanyar da za ku bi da ranar da ake sa ran isowarku, ku kuma yi alƙawari da su cewa idan ranar ta wuce ba su ji daga gare ku ba, su kai rahoto ga 'yan sanda da masu aikin ceto na teku nan take.